Kurt Schwitters: Mai tsintar shara da gwamnatin Hitler ta kasa ƙyalewa

A shekarar 1921 wani Bajamushe mai zane, Kurt Schwitters, ya ɗauki kwafin ɗaya daga cikin zane-zanen da Turai ta fi girmamawa, wato zanen Nana Maryam ɗauke da jaririnta wanda Raphael ɗan Italiya ya yi wajen 1512, ya bi shi da almakashi da gam. Ya yanko kan wata mace 'yar zamani daga mujalla ya liƙa a gurbin fuskar da ke jiki, ya ƙara hoton doki da guntayen takardu. Ba jahilci ne ya kai shi ba. Ainihin zanen yana rataye a birnin Dresden, inda Schwitters ya yi karatun zane daga 1909 zuwa 1914, kuma ya san darajarsa sarai. Abin da ya taɓa shi ne kwafin da maɗaba'u suka yi ta bugawa har ya zama adon bangon gidajen masu rufin asiri, ana kallonsa kamar yadda ake kallon kalanda.

An haife shi a Hanover ranar 20 ga Yuni, 1887, a gidan 'yan kasuwa masu abin hannu. Ciwon farfaɗiya ya hana a tura shi fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya ƙare yana zana taswirar injuna a wata masana'anta. Da yaƙin ya ƙare a 1918, Jamus ta sha kashi, sarki ya sauka, talauci ya yi katutu. A wannan hali ne ya fara sunkuyawa a titi yana tsintar tsofaffin tikitocin mota, da kwalin taba, da waya, da guntun katako, da yagaggun jaridu, yana haɗa su su zama hoto. Ya raɗa wa aikin suna Merz, kalmar da ba ta da ma'ana, wadda ya samo daga yagaggen tallan wani banki.

A Berlin kuwa akwai ƙungiyar masu fasaha 'yan tawaye da ake kira Dada, waɗanda yawancinsu suka karkata ga kwaminisanci, suna yanka hotunan jaridu don tozarta janar-janar da 'yan jari-hujja. Schwitters ya nemi shiga cikinsu, ɗaya daga jagororinsu, Richard Huelsenbeck, ya ƙi, yana ganinsa ɗan gata marar aƙida. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin: mutumin bai taɓa ɗaukar tutar jam'iyya ba, yana zaune a gidan iyayensa, yana tsara tallace-tallace ga kamfanoni da hukumar birni. A cikin gidan ne ya shafe shekaru yana gina Merzbau, wani irin kogo na katako da filasta da tarkacen da ya tara, wanda ya yi ta yaɗuwa daga ɗaki zuwa ɗaki.

Sai dai 'yan Nazi ba su tsaya tambayar katin jam'iyyarsa ba. Gwamnatin da ta ɗora kanta a kan tsarkin jinsi da tsarkin al'ada ba ta da wurin ajiye mutumin da ke haɗa Raphael da kayan bola a takarda ɗaya. A 1934 ya rasa kwangilarsa da hukumar birnin Hanover. A 1936 'yan sandan ciki na Gestapo suka kama wasu aminansa, kuma a farkon Janairun 1937 ya tsallaka zuwa Norway, ya bar matarsa Helma tana kula da gida. A watan Yulin shekarar aka buɗe baje kolin nan na Munich na abin da gwamnati ta kira gurɓatacciyar fasaha, aka rataye ayyukansa tare da na wasu don jama'a su yi musu dariya. Mutum fiye da miliyan 2 suka je kallo.

Da sojojin Jamus suka mamaye Norway a 1940, ya sake gudu ta jirgin ruwa zuwa Birtaniya. Can ma ba a yi masa shimfiɗa ba. Fasfonsa na Jamus ne, don haka aka tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, ya yi fiye da shekara guda a wani sansani a tsibirin Man. Rashin kayan aiki bai dame shi kamar sauran masu zanen da ke tsare ba, tun da dama bai saba jiran kanti ba. Ya yi zane a kan ledar tsakar ɗaki, ya tara ragowar kunun da ake ba su yana sassaƙa da shi, har ya yi funfuna, warinsa ya addabi maƙwabta.

Bayan sakinsa a ƙarshen 1941, labaran gida suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Bama-baman ƙawancen da ya fake a wurinsu suka rushe Merzbau a 1943. Helma ta rasu a 1944 ba tare da sun sake haɗuwa ba tun 1939. A 1945 ya koma Ambleside, wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, inda kusan babu wanda ya san ko shi wane ne, yana zana fuskokin mutanen gari da furanni don ya sami na abinci. A nan ne, a 1947, ya sake komawa kan wani zanen Dresden, Dare Mai Tsarki na Correggio, ya rufe sassan kwafinsa da guntayen takardu, ya rubuta sunansa kusa da na mai zanen. Masu bin wannan hanya a yau ba su da iyaka. Vik Muniz ɗan Brazil, wanda ya sake tsara zanen mutuwar Marat da sharar wata babbar bola ta Rio tare da masu tsinta a cikinta, yana cikin fitattunsu.

A wannan shekarar ta 1947 gidan adana fasahar zamani na New York ya aiko masa da tallafi, ya fara sabon Merzbau a wani ɗakin ajiya na dutse a cikin gona. Bango ɗaya kawai ya yi nisa da shi. Ya rasu a Kendal ranar 8 ga Janairu, 1948, yana da shekara 60, kwana guda bayan an amince masa da zama ɗan Birtaniya. A tsakiyar shekarun 1960 aka ciro bangon ɗungurungum aka kai shi jami'ar Newcastle, inda yake har yau.