Germain Hess: Likitan da ya kafa dokar zafi a ilimin sinadarai

An haifi Germain Henri Hess a birnin Geneva na ƙasar Suwizalan a 1802, amma a Rasha ya tashi. Ya karanci likitanci a Jami'ar Dorpat, ya yi aiki a Irkutsk, daga bisani ya koma Saint Petersburg ya duƙufa ga binciken sinadarai.

A 1840 ya tabbatar cewa zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa ko zuƙewa ba ya sauyawa, ko a mataki ɗaya aka yi ta ko a matakai da dama. Bisa wannan doka ake lissafi a yau: a tara makamashin da tsinka tsofaffin mahaɗan ƙwayoyin zarra ke ci, a debe wanda ƙulla sababbi ke saki.

Ya rasu a 1850 yana ɗan shekara 48.