Kyaftin Labulo Davies Na Ikko

'Yan uwa mazauna Ikko, da yawanmu ba mu san labarin wannan bawan Allah ba. An haife shi a ƙauyen Bathurst, ƙasar Saliyo, a 1828. Iyayensa Yarbawa ne, jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato su a teku daga hannun masu fataucin bayi. To, ikon Allah, shi ma sojan ruwan ya shiga. Yana cikin jirgin Bloodhound sa'ad da Turawa suka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, suka kori Sarki Kosoko, har ya ji rauni. A 1856 ya tare a garin, ya kama fatauci. Matarsa Sara ma sunan jirgi take amsawa, Bonetta, wanda ya kai ta Ingila. Ya rasu a Ikko a 1906.