Santiago Ramón y Cajal: Mai zanen da ya warware sarƙar ƙwaƙwalwa

A shekarar 1875 wani jirgin ruwa ya dawo Sifaniya daga tsibirin Kuba ɗauke da wani likitan soja ɗan shekara 23, wanda zazzaɓin cizon sauro da atini suka mayar da shi ƙashi da rai. Bayan cuta, ya dawo kuma da maƙiya, domin a asibitin daji da aka tura shi ya tarar hafsoshi da masu dafa abinci na karkatar da abincin sojoji marasa lafiya, ya kuwa ƙi kawar da kai. Da ragowar albashinsa na wannan yaƙin mulkin mallaka ya sayi madubin likita na farko a 1877.

An haifi Santiago Ramón y Cajal ran 1 ga Mayun 1852 a ƙauyen Petilla de Aragón. Yaro ne gagararre. Yana shekara 11 aka kulle shi saboda ya fasa ƙofar maƙwabci da igwar da ya ƙera da hannunsa. Burinsa zane, mahaifinsa kuwa likita ne da ke ganin zane aikin banza ne, har ya kai shi koyon aski, sannan dukanci, ko ya nutsu. Abin da ya sasanta su ƙasusuwan mutane ne: uban ya riƙa kai shi tsofaffin maƙabartu suna tsinto su, ɗan yana zanawa. Ya kammala karatun likita a Zaragoza a 1873.

A wancan zamani manyan masana sun yarda cewa ƙwaƙwalwa saƙa ce guda, zare a haɗe da zare babu yankewa, kamar komar masunta. Ɗan Italiya Camillo Golgi ya ƙirƙiro wata hanyar rini da sinadarin azurfa a 1873, wadda ke baƙanta 'yan ƙwayoyin jijiya kaɗan ta bar sauran, amma ba kullum take ci ba. Cajal ya fara ganinta a 1887 a gidan likita Luis Simarro a Madrid. A nan ne sana'o'in da aka raina suka yi rana. Ya san sinadaran azurfa tun daga ɗaukar hoto, don haka ya gyara rinin ta hanyar tsoma naman sau biyu. Sai ya bar ƙwaƙwalwar manya mai cunkoso ya koma ga ta 'yan tsaki da 'yan tayin dabbobi, inda rassan ba su gama sarƙewa ba. Abin da idonsa ya gani, hannunsa ya zana: kowace ƙwayar jijiya mai zaman kanta ce, tana kusantar 'yar'uwarta ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba, saƙo kuma hanya guda yake bi, ya shiga ta rassa ya fita ta doguwar saiwa.

Ba wanda ya saurare shi. Sifaniyanci ba harshen kimiyya ba ne a lokacin, mujallar da ya kafa a 1888 kuma daga aljihunsa yake buga ta. A 1889 ya biya wa kansa kuɗin jirgin ƙasa zuwa taron masana ƙirar jiki a birnin Berlin, ya jawo Albert von Kölliker ya sa shi leƙa madubin. Dattijon ya gamsu, har ya zauna koyon Sifaniyanci don ya karanta shi. A 1906 aka raba wa Cajal da Golgi kyautar Nobel, Golgi kuwa ya yi amfani da laccarsa a Stockholm wajen sukar ra'ayin abokin rabonsa. Sai a shekarun 1950 madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan gibin da ke tsakanin ƙwayoyin.

Siyasa ba ta bar shi ba. Da Amurka ta ƙwace Kuba da Filifin daga hannun Sifaniya a 1898, ya ajiye bincike na wani lokaci, ya shiga sahun masu ganin jahilci da watsi da kimiyya ne suka kayar da ƙasar. An yi masa tayin kujerar ministan ilimi a 1906, ya ƙi. Abin da ya karɓa a 1907 shi ne shugabancin hukumar da ke tura matasa ƙaro ilimi a ƙasashen waje, ya riƙe ta har mutuwarsa. A ganina zaɓin ya fi kujerar amfani, ganin yadda gwamnatocin lokacin ba sa daɗewa.

Yana da nasa tabon. A 1920 ya kori Pío del Río Hortega, ɗaya daga cikin haziƙan almajiransa, daga ɗakin bincikensa bayan wata rigima.

Cajal ya rasu a Madrid ran 17 ga Oktoban 1934. Ba a cika shekara biyu ba yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnatin Franco ta rushe hukumar da ya shugabanta, almajiransa suka watse, wasu aka raba su da kujerunsu. Río Hortega ya mutu yana gudun hijira a Buenos Aires a 1945. Zane-zanen kuwa, kusan 3,000, sun tsira, kuma UNESCO ta sanya su cikin kundin tarihin duniya a 2017.