Jean Piaget da Ƙidayar Yara

An haifi Jean Piaget a Neuchatel ta ƙasar Suwizalan cikin 1896. Ilmin dabbobi ya fara karantawa, sai aikin jarraba yara a birnin Faris ya jawo hankalinsa ga kurakuransu. Yakan jera kwabbai sahu biyu daidai wa daida, sa'an nan ya baza sahu ɗaya, ya tambayi yaro wanne ya fi yawa. Ɗan shekara biyar yakan nuna mai tsawon. Piaget ya ɗauka hankalin yaron ne bai ƙosa ba, amma cikin 1974 McGarrigle da Donaldson suka nuna cewa sau da yawa yadda aka yi tambayar ne yake rikita shi. Ya rasu a Jeneba cikin 1980.