Mamman Shata: Mawaƙin da Jama'a Suka Ɗauki Nauyinsa

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, kuma mahaifinsa, Ibrahim Yaro, ya ƙi amincewa da waƙarsa, domin a wancan zamani ana ɗaukar sana'ar a matsayin roƙo. Shata ya fara da tallan goro da alawa, yana waƙa a dandali, kafin ya rungumi kiɗan kalangu.

Makaɗan fada irin su Narambaɗa suna da sarkin da ke ci da su, ya tufatar da su. Shata bai jingina da fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da manoma, abincinsa da na 'yan amshinsa yana fitowa daga kyautar masoya a wuraren biki. Da kaset ya yawaita, masu kwafar waƙoƙi suka riƙa cin ribar muryarsa ba tare da biyansa ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura.

Matasan mawaƙa da ba su da kamfani ko ubangida suna cikin irin wannan hali a yau: kuɗin situdiyo daga aljihunsu, waƙar kuma a tura ta waya kyauta. Idan masu sauraro ba su sayi waƙa ko tikitin wasa ba, mawaƙin zai koma neman ɗan siyasar da zai saye bakinsa.