Rowland Bingham: Mutumin Da Zazzaɓi Ya Kora Sau Biyu

Masu bi da yawa sun san sunan Bingham, ko don asibiti da jami'ar da ake kira da sunansa. Amma kaɗan ne suka san cewa mutumin nan bai taɓa yin aikin bishara na dogon lokaci a ƙasarmu ba, domin jikinsa bai iya ɗaukar cututtukanta ba.

An haifi Rowland Victor Bingham a Ingila a 1872. Ya karɓi Yesu yana saurayi a taron Salvation Army, daga baya ya ƙaura zuwa Kanada. A Toronto ne wata dattijuwa, mahaifiyar Walter Gowans, ta ba shi labarin Sudan. A zamanin nan Sudan na nufin dukan ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Ɗanta ya ƙudura zai kai bishara can, amma babu mishan da ta yarda ta aike shi.

A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko: Gowans, da Thomas Kent, da Bingham. Ba ƙungiya a bayansu, kuɗin hannunsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Wani babban ɗan mishan a Ikko ya gargaɗe su cewa ba za su ga Sudan da idonsu ba. Ba a jima ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, aka bar shi a bakin teku yana karɓar wasiƙu da kaya, sauran biyun suka nufi arewa. Gowans ya rasu a Girku, ta wajen ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba 1894. Kent ya bi shi a Bida a watan Disamba. A 1895 Bingham ya koma gida shi kaɗai.

A nan ne babban gwajinsa ya zo. Ya tafi Afirka yana gaskata cewa Ubangiji zai tsare bayinsa daga cuta, ga shi kuwa biyu suna kabari, na ukun ya dawo da ƙyar. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe, ya yi watanni cikin duhun shakka. A ganina wannan shaida ta fi wa'azi goma amfani, gama sau da yawa muna ɓoye wa matasa cewa manyan bayin Allah ma sun yi rawar zuciya. Bingham bai bar Littafi Mai Tsarki ba. Ya koma yana bincike a hankali, har ya gane cewa Allah bai yi alkawarin lafiyar jiki a kowace rana ba, alkawarinsa shi ne kasancewa tare da nasa. Ya koyi ɗan aikin likita, ya ƙara karatun Littafi, ya yi aikin fasto a Amurka, ya yi aure a 1898.

A 1900 ya sake zuwa Ikko da abokan aiki biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kama shi, aka sa shi a jirgin ruwa aka mayar da shi. Abokan nasa suka karaya, su ma suka biyo bayansa. Ku duba irin kunyar da zai ji a gaban waɗanda suka tara masa kuɗi, shekara bakwai ba ko tasha ɗaya.

Karo na uku bai zo ba, sai ya aiko mutum huɗu, suka kafa tasha a Patigi, bakin kogin Kwara, a 1902. Su ma cuta ta ɗaiɗaita su, amma Banfield ya daure, shi ne ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. A wannan shekara kuma Likita Stirrett ya iso, wanda ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Shan kwinin kullum ya rage mace-macen ma'aikata ƙwarai.

Shekara arba'in Bingham yana Toronto yana addu'a, yana rubutu, yana neman ma'aikata da kuɗi domin mishan ta SIM, yana zuwa ziyara lokaci lokaci. Ya rasu a watan Disamba 1942. Bayan shekara 12, wato a 1954, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin nan suka haɗu suka zama ECWA.