Muhammadu Dikko: Durbin da ya zama Sarkin Katsina a zamanin Turawa

Lokacin da Lugga ya iso Katsina a shekarar 1903, ba a yi yaƙi ba. Kano da Sakkwato sun riga sun faɗi, sai Sarki Abubakar ya fito ya yi mubaya'a. Daga cikin hakiman da suka shaida wannan sauyi akwai Durbi Muhammadu Dikko, ɗan Durbi Gidado, Basulluɓe, wanda aka haifa a 1865. Sarautar Durbi ita ce har yau take riƙe da ƙasar Mani, maƙwabciyar Mashi, a gabashin Katsina ta wajen Daura. Dikko ya tashi ne a kan doki, a zamanin da mahayan Maraɗi ba sa barin ƙauyukan Katsina su yi barci da ido biyu rufe.

A wancan lokaci babu mai zaton gadon sarauta zai kai gare shi, domin tun jihadi gidan Ummarun Dallaje ne ke mulki. Amma zama bai yi daɗi ba tsakanin Dallazawa da sababbin masu iko. Turawa suka tuɓe Abubakar suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, shekarar tawayen Satiru. Dikko kuwa ya riga ya fahimci inda iska ta dosa. Shi ne hakimin da ke biya wa bariki bukatunta na abinci da ma'aikata ba tare da jan ƙafa ba, kuma jami'in Turawa H. R. Palmer ya tsaya masa. Haka sarauta ta bar gidan da ya riƙe ta kimanin shekara ɗari ta koma hannun Sulluɓawa.

A nan ne masu tarihi suka rabu. Wasu na ganin ya hau ne a kan kafaɗar baƙi, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Sai dai abin da ya yi da kujerar ya fi yadda ya same ta nauyi. A zamaninsa aka kafa baitulmali a Katsina: haraji da jangali suka riƙa shiga asusu guda, ana rubutawa, sarki da hakimai da alƙalai suka koma karɓar albashi. Sarkin da ya yarda da wannan ya sallama wani yanki na ikonsa ne, domin dukiyar ƙasa ta daina zama ta aljihunsa. Tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu, ya zama ginshiƙin mulkin En'e. Talaka dai bai ga sauƙi ba, tun da harajin ya koma na tsabar kuɗi, kuma ba ya jiran damina ta yi kyau.

A 1921 ya tafi aikin hajji, ya bi ta Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar. A farkon shekarun 1920 kuma aka buɗe Kwalejin Katsina a birninsa, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello kafin a ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938. Ya ba karatun 'ya'ya mata wuri a lokacin da iyaye da yawa ke ƙyamar boko ko ga 'ya'ya maza. Son dokinsa kuma bai gushe ba. A hannunsa wasan folo ya kafu a Katsina.

Ya rasu a 1944, bayan shekara 37 da 'yan watanni yana mulki. Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, jikansa Hassan Usman Katsina ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, kuma sarautar Katsina tana gidansa har yanzu. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa.